TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Ƙwallon da aka ɗora min, da wadda aka ɗora wa Ferguson

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda na sauka Aberdeen ta ƙasar Sikotland da rigar sanyin nan ta gwanjo da Yaya Babba ya saya min, kuma na ce yau zan ba ku labarin karatun. To ku yi haƙuri karatun zai jira, don akwai maganar da ta tokare min wuya, in ban fitar da ita ba sauran ba zai tafi daidai ba.

Gidan da na kama haya na wani dattijo ne Bature, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mutumin nan ba ya iya haɗa magana uku bai sako 1983 a ciki ba. A falonsa akwai jan gyale na ƙungiyar Aberdeen da ya rataye saman talabijin, duk ya koɗe, amma matarsa ma ba ta isa ta taɓa shi ba. Ranar da ya ji ni ɗan Man U ne sai ya ce to zauna, Ferguson ɗin da kuke taƙama da shi mu muka ba ku aro. Ni kuwa lokacin abin da na sani game da Baba Fagi, kamar yadda muke ce masa a gidan kallo, bai wuce cingam da nuna agogo da kofuna uku na 1999 ba. Ban ma san ya taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa ba wallahi.

Ashe ɗan gaba ne, kuma mai ci. An haife shi ranar ƙarshe ta shekarar 1941 a unguwar Govan cikin Glasgow, babansa a wajen ƙera jiragen ruwa yake aiki, shi ma da rana koyon aikin ƙere-ƙere yake a masana'anta da yamma ya tafi tirenin. Ya fara da Queen's Park yana ɗan shekara 16 ba albashi, ya koma St Johnstone inda benci ya ishe shi har ya fara tunanin tattara kayansa ya tafi Kanada, sai ga shi a Disamban 1963 an sa shi wasa da Rangers a gidansu Ibrox ya zura uku shi kaɗai. Daga nan Dunfermline ta ɗauke shi, kakar 1965/66 ya ci 31 a lig, babu wanda ya fi shi sai Joe McBride na Celtic da suka yi kunnen doki. A 1967 Rangers ta saye shi fam 65,000, kuɗin da ba a taɓa biya tsakanin ƙungiyoyin ƙasar biyu ba, kuma Rangers ɗin nan ita ce ƙungiyar da yake so tun yana yaro, filinsu ma a unguwarsu yake.

Sai fainal ɗin kofin Sikotland na 1969 da Celtic. Ana fara wasa aka samu kwana, kyaftin ɗin Celtic Billy McNeill ya tashi ya sa kai ta shiga, aka tashi 4 da nema. Ƙwallo huɗu fa jama'a, mutum goma sha ɗaya a fili, amma aka ce laifin Ferguson ne don shi aka ce ya riƙe McNeill. Aka tura shi wasa cikin yara, bai ƙara buga wa manyan Rangers ba har ya tafi Falkirk.

Dattijon yana cikin ba ni wannan labari na ji shayin hannuna ya fita raina. Waɗanda suka karanta kashi na shida sun san dalili. Fainal ɗin kofin Sallah na unguwanni, ina lamba biyar, kwana ce ita ma, kuma kowa a filin nan ya ji kocinmu da bakinsa ya ce min in tsaya jikin ƙarfe kar in motsa. Na tsaya. Dogon yaron can ya sa kai, daga baya suka ƙara biyu. Ana tashi mutumin nan ya sa na cire jesi a gaban jama'a, a gaban ƙannena da suka zo da gangunan gwangwani, ya miƙa wa ɗan yayarsa, na tako gida da singileti takalmi a hannu. Inna ta ce ƙwallo ce fa ba gado ba ka share. Kawu ne kawai, Allah ya jiƙansa, ya ajiye rediyonsa ya ce min, ɗana, laifi tudu ne, kowa take nasa yake ya hango na wani. Shi kocin yanzu Alhaji ne, muna haɗuwa wajen ɗaurin aure yana ce min injiniya injiniya yana washe baki, har yau bai taɓa cewa komai kan ranar nan ba, ni ma ina gaishe shi don girman furfura amma na san yana karanta rubutun nan, yaransa ma suna karantawa.

Mu koma. Bayan Falkirk da Ayr United ya ajiye takalmi a 1974, yana da shekara 32 ya zama kocin East Stirlingshire, fam 40 a mako, ya tarar ko gola ba su da shi. Wata kaɗan ya koma St Mirren ya hau da su babban lig a 1977, a 1978 suka kore shi, kuma su kaɗai ne suka taɓa korarsa duk tsawon rayuwarsa. A shekarar Aberdeen ta ɗauke shi.

Sai ka zauna garin kafin ka gane girman abin da ya yi. A ƙasar nan Celtic da Rangers ke raba kofi tsakaninsu, sauran rakiya suke. Mutumin nan ya ɗauki lig a 1980 da 1984 da 1985, kofin Sikotland sau huɗu, kuma bayan na 1985 ɗin shekara arba'in aka jera babu wata ƙungiya bayan waɗancan biyun da ta ƙara ɗagawa. A 1983 suka fitar da Bayern Munich ta Jamus, suka je fainal na kofin Turai na masu kofuna a Gothenburg ta Suwidin da Real Madrid, wadda Di Stefano ke koci. Mai gidana yana cikin waɗanda suka bi jirgin ruwa St Clair suka tafi, ya ce ruwan sama aka yini ana yi fili ya zama taɓo, Eric Black ya fara ci, Juanito ya rama da fenareti, a ƙarin lokaci John Hewitt da aka sako daga benci ya sa kai 2 da 1. In ya zo nan sai ya miƙe tsaye ya gwada yadda Hewitt ya yi, tsoho da ciwon gwiwa, matarsa tana masa faɗa daga kicin.

Kwana goma bayan nan suka ci Rangers 1 da nema a fainal ɗin kofin gida, maimakon murna sai ya tsaya gaban kyamara ya wanke yaransa tas, ya ce 'yan bayansa biyu Miller da McLeish ne kawai suka yi wasa. Daga baya ya ba su haƙuri. Ni dai a raina na ce wannan ba da yaran yake ba, Rangers ce a gabansa kuma ci ɗaya bai wanke masa 1969 ba. Wanda ba a taɓa cire wa riga a bainar jama'a ba ba zai gane ba.

A Satumban 1985 maigidansa Jock Stein, kocin ƙasar Sikotland da Ferguson ke wa mataimaki, ya faɗi ya rasu a filin Cardiff ana gama wasa da Wales, Ferguson ne ya kai Sikotland kofin duniya na Meksiko a 1986, Nuwamban shekarar ya tafi Manchester. Sauran kun fi ni sani, lig 13, kofin zakarun Turai biyu, ritaya a 2013.

Amma ga inda ni da Baba Fagi muka raba hanya, kuma na faɗa wa mai gidana ido da ido. Jim Leighton golansa ne tun Aberdeen, da shi aka ci Madrid cikin ruwan nan, shi ya kawo shi United a 1988. Fainal ɗin kofin FA na 1990 aka yi 3 da 3 da Crystal Palace, da za a sake wasan sai ya ajiye Leighton ya sa Les Sealey da aka karɓo aro daga Luton. An ci 1 da nema, Lee Martin ya ci, kofinsa na farko a Ingila kenan bayan shekara uku da rabi ana cewa yau za a kore shi gobe za a kore shi. Na yarda kofin ya ceci aikinsa. Amma wasa ɗaya kawai Leighton ya ƙara buga wa United, kuma shekaru suka shuɗe ba sa ga maciji. Mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa a 1969, shi ne ya juya ya yi wa nasa yaron! Dattijon ya ce ai aikin koci kenan, na ce masa Kawuna ya riga ya faɗa, laifi tudu ne, na fassara masa iya yadda zan iya ya yi shiru yana jujjuya kofin shayi. Leighton kuwa ya koma gida ya tashi da ƙafarsa a Hibernian, ya dawo Aberdeen, ya buga wa ƙasarsa wasa 91.

Shi ya sa da na dawo gida aka ba ni yaran layinmu in riƙe, ranar farko na ce musu a nan in an ci mu an ci mu duka, ba wanda zai cire jesi sai a ɗaki. Wasu iyayen ma sun ce na cika sanyi, Yaya Babba ya ce da wannan halin ba za ka taɓa ɗaukar kofi ba, to mun ɗauka, kuma ƙungiyar da muka fitar a kusa da ƙarshe ta jikan wancan Alhajin ce, yana zaune a kujerar gaba cikin babbar riga. Wannan labarin yana gaba, sai mun gama da Aberdeen.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga maganar karatun, da azumin farko da na yi a can lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, da yadda kuɗin makaranta suka maƙale har na fara wankin kwanuka. A gaida mutanen gida.