Jiki Magayi Ne, Ni Ce Na Ƙi Saurare

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tulu a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu a Gombe, ban taɓa buɗe baki na ce na gaji ba. A ganina a lokacin, gajiya raunin bangaskiya ce. Litinin koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Juma'a a kwana ana addu'a, Asabar ta'aziyya a Kaltungo ko Billiri, ga kuma ajin firamare da nake koyarwa. Idan ƙeyata ta ɗau ciwo sai in ce harin magabci ne, in tsawata masa cikin sunan Yesu, in aiki yaro kemis ya sayo mini ƙwaya in kora da ruwa, ciki babu komai.

'Ya'yana, gurguwar fahimta na yi wa Nassi. Na ji Manzo Bulus yana faɗa da ayyukan jiki a Galatiyawa 5, sai na ɗauka wannan naman da ƙashin ne abokin gāba. Ku je ku karanta jerin da kanku: fasikanci, tsafi, gāba, kishi, fushi, buguwa. Barci ba ya ciki, yunwa ma ba ta ciki. Shi wannan Bulus ɗin ne kuma ya gaya wa Korintiyawa cewa jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Mu da muke share majami'a duk Asabar, mu goge bencina, ni nawa haikalin na bar shi rufi yana yoyo.

A taron mata na watan Maris na faɗi, lokacin da zafin Gombe kan haura digiri 40. Kwana na uku ke nan ina azumi. Muna tsakiyar waƙa na ga wasu 'yan taurari suna yawo a idona. Farkawa na yi a kan tabarma, ankona sharkaf da ruwa, wata tana yi mini fifita da Littafin Waƙoƙi. A asibiti nas ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. 190 bisa 110.

"Mama, daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini," in ji ta. "Kuma ciwon nan ba ya sallama. Wani ko ciwon kai ba ya ji."

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don wannan karon da sanina na yi. Na sha magani wata uku, na ji garau, na miƙe ranar Lahadi na ba da shaida cewa na warke, aka yi ta tafi, na koma gida na jefa sauran a ƙasan akwati. Ashe ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake gamawa a kwana uku. Riƙe jinin yake yi, ana dainawa ya koma sama. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannuna na hagu, 'yata ta ce, "Mama, bakinki ya karkace." Allah ya taƙaita, amma hannun bai dawo daidai ba.

Ina jinya matar tsohon fastonmu ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Na fara kuka ina cewa na kasa yi wa Ubangiji hidima. Ba ta tanka ba, ta zuba kunun, ta buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ne, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu daga Sarauniya Yezebel ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci. Ya ci, ya sha ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, sannan ya kama tafiyar kwana 40 zuwa Horeb.

"'Yata, kin ga inda mala'ikan ya yi masa wa'azi?" ta tambaye ni. "Sha kununki."

Daga baya na riƙa cin karo da abin a wurare da yawa. Yesu ya yi barci a kan matashi cikin jirgi. A Markus 6 ya janye almajirai su huta don ko sukunin cin abinci ba su samu ba. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

Ban ce ku bar azumi ba. Amma mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, ya fara tambayar likita, kada kunyar 'yan zumunta ta hana shi. Ku auna jininku ko kuna jin ƙalau, minti biyu ne. In an yi muku addu'a kun ji sauƙi, likitan da ya ɗora ku a kan magani shi zai sauke ku.

Ni yanzu kafin addu'ar safe nakan zauna shiru a bakin gado in ji inda ke ciwo, in gaya wa Ubangiji, in sha ƙwayata. Na rage gishiri, maigida yana ta mita a kan miya. Wata yarinya ce ke buga tulun, ni caki nake kaɗawa da hannun dama, kuma ranar Juma'a ƙarfe goma na yi nake ɗaukar jakata in yi musu sai da safe.