Ranar da aka yi wa Yaya aikin dunduniya

Talata, da dare

Yau aka shiga da Yaya tiyata. Tun tsakar dare aka hana shi ci da sha, shi kuwa mutum ne da yunwa ke sa shi faɗa, don haka kafin a zo ɗaukarsa babu wanda bai sha tsiyarsa ba, har ni da na kwana a kujera dominsa.

Makon jiya ya faɗo daga tsani, ya dira a tsaye da ƙafar dama. Yawanci haka karayar dunduniya ke samuwa. Nauyin jiki duka ya sauko ta ƙashin da ke saman dunduniya, shi kuma ya nutse cikinta. Ƙashin dunduniya kamar ƙwai yake, ɓawo siriri, ciki ba ƙwari, shi ya sa ba karyewa kawai yake yi ba, burmawa yake yi, tsayinsa ya ragu, faɗinsa ya ƙaru. Har hoton gadon baya aka yi masa, domin kusan ɗaya cikin 10 na masu irin wannan faɗuwar ana samun karaya a can ma. Nasa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Da hantsi likitan ƙashi ya zo, ya zana layi da biro a ƙasan idon sawu ta waje. Bai fi santimita 4 ba. Umma ta leƙa ta ce, "Likita, ta nan za ku gyara duk ɓarnar nan?" Sai ya zana mata a takarda yadda aka saba yi: doguwar tsaga mai siffar L, ta sauko ta bayan idon sawu ta karya kwana ta bi gefen ƙafa, a ɗaga fatar gaba ɗaya a ga ƙashin a fili. Aiki ya fi yi wa likita sauƙi a haka, amma fatar wurin ce matsalar. Siririya ce, babu tsoka a ƙarƙashinta, jinin da ke ciyar da ita kaɗan ne. Dole a jira kumburi ya saɓe, sau da yawa mako biyu, har fatar ta fara tattarewa. Duk da jiran, ɗinkin kan buɗe ko ya ruɓe, a wasu rahotanni har kusan mutum ɗaya cikin 4, kuma idan ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfe da ƙashi, magana ta yi tsawo. Masu ciwon suga da masu shan taba su suka fi shiga wannan hali.

Daga nan ya juya ya tambayi Yaya ko yana shan taba. A gaban Umma. Yaya ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta amsar a can. Likitan bai sake tambaya ba, rubutu kawai ya yi.

Ni da nake karatun jinya na tsare shi da tambayoyi a baranda, bai kuma gaji da ni ba. Ta ƙaramar tsagar, in ji shi, yana ganin fuskar gaɓar da ta nutse, ya ɗago ta ta koma daidai. Sauran aikin ta 'yan huji ake yi. A soka dogon ƙarfe ta bayan dunduniya a bankaro guntun da ya kife, a matse faɗin, sannan a ɗaura kusoshi, ana yi ana duba na'urar hoton ƙashi da ke cikin ɗakin. Dabarar bankarowar ba sabuwa ba ce, wani likitan Ingila, Essex-Lopresti, ya yi bayaninta, aka buga tun 1952. Kayan aiki da hoto ne suka inganta. Sharaɗinta shi ne a yi da wuri, kafin guntayen su fara mannewa, don ta ɗan rami ba a iya ɓamɓare ƙashin da ya soma kamawa. Kuma ba kowace karaya take karɓa ba. Ana raba su mataki 4 bisa hoton CT, wanda ke nuna ƙashi yanki-yanki, rabon da ake kira na Sanders. Ta Yaya ta biyu ce, gaɓar ta tsage gida biyu. Ta huɗu ta dagargaje, wannan wani lissafi ne dabam.

Na kawo masa binciken da aka buga a Birtaniya a 2014, wanda ya kwatanta waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba, bayan shekara biyu ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, sai ma ƙarin matsalar rauni ga 'yan tiyatar. Ya ce gaskiya ne, amma da doguwar tsaga aka yi aikin, kuma ba a sa masu dunduniyar da ta karkace ƙwarai a ciki ba. Abin da ya burge ni, bai zuzuta tasa hanyar ba. Ya ce inda ta yi zarra shi ne lafiyar fata da saurin warkewar ɗinki. Batun yadda ƙafa za ta yi tafiya nan da shekaru, ita da tsohuwar kusan kunnen doki suke, kuma gaɓar da ta taɓa fashewa tana iya yin sanyin ƙashi komai kyan gyara. Na fi yarda da likitan da ke faɗin iyakar abin hannunsa.

Jiran dai jira ne. Umma na jan carbi, Anti na kai da komo.

Bayan la'asar aka fito da shi, ƙafar a naɗe, an ɗora ta bisa matasai. Likitan ya nuna mana hoton kafin aiki da na bayansa. Akwai wata kusurwa da ake aunawa, ta Böhler, wadda a lafiyayyar ƙafa take tsakanin digiri 20 da 40. Ta Yaya ta kwanta kusan shafe a hoton farko, yanzu ta tashi. Kusoshin sun fito fari tas.

Inda na ji tsoro shi ne da Anti ta ce, tunda yankan ɗan mitsitsi ne, ai ba zai daɗe bai koma aiki ba. Yaya ma har ya gyaɗa kai. Fatar za ta haɗe cikin mako biyu, amma ƙashin ciki bai san girman tsaga ba. Kusoshin riƙe guntaye kawai suke yi, ba za su ɗauki nauyin ƙato kamar Yaya ba. An ce kada ya taka ƙafar ko kaɗan na aƙalla mako 6, ana iya kaiwa 12, sai abin da hoto ya nuna. Idan ya taka da wuri, gaɓar ta sake nutsewa, an yi aikin banza. Motsa idon sawu kuwa da wuri za a fara, don kada ya sandare. An kuma ce mu lura da gefen ƙafar ta wajen ƙaramin yatsa, akwai jijiyar da ke bi ta kusa da tsagar, in ya ji dindiris mu faɗa.

Gobe masu gashin ƙashi za su kawo sandunan dogarawa. Da Umma ta fita alwala, Yaya ya yafito ni ya ce a hankali, "Auta, duba aljihun rigata, akwai wani kwali." Na ce, "Na riga ka, Yaya, yana kwandon shara tun da rana." Ya ce zai rama in ya miƙe. Na ce to, mu haɗu bayan wata uku.