Birkin da ya kama ya ƙi saki

Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, wani malamin makaranta ya shigo mana gareji a nan Gombe da Corolla tana ƙauri kamar an manta tukunya a murhu. Daga Kumo yake. Ya ce tun a hanya motar ta yi nauyi, yana taka totur kamar ana riƙe ta ta baya. Na kai bayan hannuna kusa da tayar gaba ta dama, ban ma taɓa ƙarfen ba na janye. Ta hagu kuwa lafiya lau. Yarona ya ruga zai watsa mata ruwa, na daka masa tsawa, don faifan birki in ya ɗau irin wannan zafin aka sheƙa masa ruwa, lanƙwashewa yake yi, daga nan duk ka taka birki sai sitiyari ya hau rawa.

Na ce, "Malam, wa ya taɓa maka birkin nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce shi ne. A YouTube ya gani, ya sayi takalmin birki ya sa da kansa a ƙofar gida.

Ban ga laifinsa ba, kowa ya san halin da aljihu yake ciki. Sai dai sa takalmi shi ne ƙaramin aikin. Birkin faifai ba shi da sifirin da zai dawo da shi in ka ɗaga ƙafa. Wata 'yar roba ce a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmi a jikin faifai, take janyo fistin baya, tazarar kuma ba ta wuce kaurin takarda ba. Tsatsa kaɗan ta tsaya a hanya, shi ke nan, takalmi zai yi ta gugar faifai har ka isa inda za ka.

Ni ba na fara kwance komai. Jak nake sawa, in taka birki in saki, in juya taya da hannu. In ta cije, sai in sassauta ɗan noti da ake fitar da iska ta cikinsa. In man birki ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, to man ne yake zuwa ba ya komawa: ko tiyon roba ya ruɓe ta ciki, ko an murɗe shi wajen mayar da kalifa, ko kuma matsalar tana can sama a masta, wato famfon da ke tura man in ka taka birki. Na Malam na sassauta, taya ta ƙi motsi. Na san a ƙarfe abin yake.

Kusoshi biyun da kalifa ke zamewa a kansu, ɗaya ta bushe ƙamas ta yi ja da tsatsa, ɗayar ya lafta mata giris na gama-gari, robarta ta kumbura ta riƙe ta gam. Giris na silikon ake sa wa wurin nan. Takalmin ma da guduma ya shigar da shi, ga shatin a jiki, don bai kankare tsatsar mazauninsa ba. Sabon takalmi na kwana huɗu har ya ƙone, fuskarsa na ƙyalli kamar tangaran.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, wata shida ya yi bai bar ni na ɗaura birki ba. Burushin waya da sanfefa kawai yake miƙo mini. In na ce na gama, sai ya sa takalmin a mazauninsa ya tura da ɗan yatsa ɗaya. In bai zame ba, ya jefo mini shi ba tare da ya ce uffan ba. A lokacin mugunta na ɗauka. Yau yarana ma haka suke kallona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne man birki na jabu da ya cika kasuwa. Mai lambar DOT 3 na gaske sai ya haura digiri 205 kafin ya tafasa, mai lambar DOT 4 kuwa 230. Wanda ake ɗurawa a tsohuwar kwalba a liƙa masa takarda, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. In ya tafasa kana gangarowa daga Tumfure, feda ƙasa za ta tafi. Wasu ma man giya suke zubawa, wai ai duk mai ne. Robobin masta su kumbura, su toshe ɗan ramin da mai ke komawa, tayoyi su cije gaba ɗaya. Shi ya sa a garejina a gaban mai mota ake fasa kwalba.

Muka goge, muka canza robobi da takalmi, muka zubar da man da ya dahu. Da na faɗi kuɗin aiki sai Malam ya ce, "Haba Oga, ai wanki kawai ka yi." Na kama hannunsa na ɗora a kan tayar tana bisa jak, na ce ya juya. Ya tura sau ɗaya, ta zagaya sau uku kafin ta tsaya. Duk da haka sai da ya rage mini ɗari biyar.