Mako na huɗu da tuwon madara: ni da kiyashi

'Yan uwa masu koyo, wannan makon rabinsa a gaban tukunya na yi shi, rabinsa a durƙushe ina bin sawun kiyashi.

Ranar Asabar tuwon madarata ya yi kyau a karon farko. Ashe can baya da wuri nake sauke ruwan sukarin, shi ya sa yake kwanciya kamar kunu. Wannan karon na bari sai da na ɗiga kaɗan ya huce, na taɓa da yatsu biyu ya ja zare, sannan na zuba garin madara. Na yanka, na jera a tire, na rufe da leda, na kwanta ina lissafin riba. Da asuba na ɗaga ledar, sai ga tiren ya yi ja. Ƙananan kiyashin nan ne masu ruwan ƙasa, sun shige har cikin tsagar da wuƙa ta bari. Na busa, na karkaɗe, na kai rana. Ƙarshenta dai kaji ne suka ci ribar.

Maigida ya ce, "Ki bari in sayo fiya-fiya a yayyafa, a huta." Na ce, "Haba maigida, a inda nake abin sayarwa?" Gubar da ke cikinta, wato dichlorvos, ita ce ta cikin Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna tun 2019. Allin kashe ƙwari ma na ƙi shi, don autana bai san bambancinsa da allin makaranta ba. Sai na kama murje su da tsumma da ruwan omo. Kwana biyu ina yi, kullum da safe sabon layi. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Inna ce ta fara cetona. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, mu da gwangwani muka san su." Muka sa ƙafafun teburin huɗu a cikin gwangwanayen madara, muka zuba ruwa da ɗan omo, don ruwa zalla in ya yi ƙura a sama suna iya takawa su haye. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu suka dawo, na yi ta dubawa har na gano bakin ledar ne ya taɓa bango, ya zame musu gada. Tun daga nan tebur a tsakiyar ɗaki yake kwana.

Amma gwangwani tire kawai yake karewa, su suna nan daram. Ranar Talata na ajiye tsumma na bi layin da tocilan: daga kantar kicin, ta bayan firji, ta kan wayar wuta, har zuwa wata 'yar tsaga a ƙasan taga inda siminti ya dare. Abin da ya sa suke tafiya a jere, wadda ta fara gano abinci tana barin wani wari a hanya in za ta koma, saura su bi. Kuma waɗanda muke gani 'yan aike ne kawai, uwar da ke zuba ƙwai tana can ciki ba ta fitowa. Wasu irin ƙananan ma in an fesa musu magani rabuwa suke yi, gida ɗaya ya koma biyu ko uku.

Don haka na koma ba su abinci da hannuna. Na samo borax, wani farin gari mai kashe kiyashi a hankali, a wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu. Rabin ƙaramin cokali, da sukari ƙaramin cokali tara, a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Kada ku ƙara borax ɗin don ku gama da wuri; in ya yi ƙarfi a hanya za su mutu, ba su kai wa na ciki ba. Na jiƙa auduga, na sa a ƙaramar roba mai murfi da na huda da ƙusa, na tura bayan firji inda hannun yaro ba ya kai, don shi ma ba abin lasa ba ne.

Kwana biyun farko sun fi komai wuya. Suka yi dafifi a kan robar, hannuna yana ƙaiƙayin tsumma, na daure. Zuwa kwana na biyar layin ya sirance. Tsagar kuwa ban toshe ta ba tukuna, sai sun daina fitowa gaba ɗaya.

Ni ma na gyara hannuna: ludayin sukari ba ya ƙara kwana a kan kanta, madara da sukari sun koma bokiti mai murfi, in na gama na goge ko'ina.

Saura wasu 'yan tsiraru da suka raina sukarin, galan ɗin man gyada suke nufa. Yau na murza musu ɗan borax a tunkuza na ajiye kusa da shi. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada gullisuwa, a kan teburin nan mai takalman gwangwani.