Sunayen da ba su kai bangon ofis ba

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala firamare, wato CEP, ya fito, shugaban makarantar firamaren gwamnati ta unguwarmu a Marwa, a arewacin Kamaru, yakan manna takardar sunaye a bangon ofishinsa, iyaye su taru suna bin layi da yatsa. A ƙasan takardar akwai adadin waɗanda suka zauna jarrabawar, da waɗanda suka ci, da kason da aka samu cikin ɗari. Wannan kason shi ake kaiwa ofishin sufeto, kuma da shi ake yabon makaranta ko a zarge ta. Na daɗe a cikin kwamitin iyaye da malamai, wato APEE, kuma na daina gamsuwa da shi, domin ba ya ƙidaya kowa sai wanda ya kai bakin ɗakin jarrabawa.

Wanda yake son sanin su wane ne ɗalibanmu, ya leƙa ajin farko, wato SIL, a watan Satumba. Bencin da aka yi domin yara biyu yakan ɗauki huɗu, ragowar kuma suna ƙasa a kan tabarma, kowa da ɗan allonsa a cinya. A cikinsu akwai mai jin Fulatanci, da mai Hausa, da Giziga, da Mafa, da Tupuri, da Barbarci, da Larabcin Shuwa, amma harshen koyarwa Faransanci ne tun daga ranar farko. Malamar ajin, wadda 'yar kudu ce, ta koyi Fulatanci a kasuwa, kuma da shi take tsawatarwa idan hayaniya ta yi yawa, sannan ta koma Faransanci ta ci gaba da darasi. Ɗan ma'aikaci da ya yi makarantar renon yara, wanda kuma ake yi masa Faransanci a gida, ya riga ya yi nisa kafin a buɗe littafi. Ɗan mai sayar da itace kuwa zai iya cinye shekara guda yana maimaita abin da aka faɗa ba tare da ya san ma'anarsa ba. Idan aka ce wannan haziƙi ne wancan daƙiƙi, ni ban yarda ba, domin na ga yaran da ake kira daƙiƙai suna kawo haddar izu guda a makarantar allo da asuba ba gargada.

Tun daga shekarar 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka tsananta a yankunan Kolofata, Amchide da Fotokol, aka rufe makarantu da yawa a bakin iyaka, iyalai suka kwararo Mora, Mokolo da Marwa. 'Yan gudun hijirar Nijeriya an tsugunar da su a sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013, amma 'yan ƙasa da suka baro ƙauyukansu sun watsu ne cikin unguwanni, 'ya'yansu kuma suka shigo azuzuwan da dama can sun cika. Shi ya sa ake ganin ɗan shekara goma sha biyu zaune kusa da ɗan shekara bakwai, yana sunkuyar da kai saboda kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun takardar haihuwa. Yaro zai iya shiga SIL ba tare da ita ba, ya wuce aji biyu, wato CP, ya bi aji uku zuwa biyar, wato CE1 da CE2 da CM1, babu wanda ya matsa masa. Sai ya isa CM2, ajin ƙarshe, aka zo haɗa takardun CEP da na jarrabawar shiga sakandare, sannan a ce ya kawo ta. Yawancin irin waɗannan yara a gida aka haife su, aka yanka rago ranar suna, liman ya yi addu'a, a ganin iyaye magana ta ƙare. Idan wa'adin rajista ya wuce, ba a samun takardar a ofishin magajin gari kai tsaye, sai an nemi likita ya ƙiyasta shekarun yaron, an kawo shaidu, kotu ta yanke hukunci. Kowane mataki yana cin kuɗi da yini, manomi kuwa ba shi da yinin bayarwa a lokacin dashen masakwa ko cirar auduga. Wanda ya baro gidansa da dare yana gudun ransa, ko da ya taɓa mallakar takardar, ta ƙone ko ta ɓace. Yaran nan ba sa faɗuwa jarrabawa, domin ba a rubuta sunansu ba tun farko, saboda haka rashinsu ba ya rage wa makaranta ko ɗigo a cikin kasonta.

'Yan mata ma haka suke raguwa a hankali, ana fara SIL da su da yawa, kafin CM2 talla da aikin gida da aure sun kwashe wasu.

Gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare tun shekarar 2000, kuma jiharmu ta Arewa Mai Nisa tana cikin waɗanda aka ce an ba su fifiko a harkar ilimi, tare da Arewa, Adamawa da Gabas. Duk da haka malaman da take turowa ba sa isa, dole kwamitinmu ya ɗauki malaman iyaye, waɗanda muke biya daga ɗan abin da muka tara, wani watan ma sai an ba su haƙuri. Su ne sau da yawa ake bar wa ƙananan azuzuwa, inda ake koyon karatu, a ajiye gogaggen malami a CM2 domin a nan ake ganin sakamako. A ganina an juya abin ne.

Bara wata bazawara da ta zo daga wajen Kolofata ta same ni a ƙofar gida da 'yarta, wadda ke cikin na gaba a ajinsu amma ba ta da takardar haihuwa. Ta ce, "Malam, an ce ba za ta rubuta ba, alhali ban taɓa hana ta zuwa ba ko ranar kasuwa." Muka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da kotu, amma hukuncin bai fito ba sai bayan an rufe karɓar sunaye. Na roƙi shugaban makaranta ya bar ta ta maimaita ajin, ya kuwa amince. A taron kwamiti na gaba na nemi a fara duba takardun haihuwa tun daga CE1, aka ba ni rajistar ajin, na zauna a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar makaranta ina sa alama da jan biro a gaban sunan duk wanda ba shi da ita.