Godiya bayan jinyar mai ɗakina

Alhamdu lillahi. An sallamo mai ɗakina daga sashen masu zazzaɓin Lassa a nan Bauchi, mu ma da aka sa wa ido na kwana 21 kamar yadda ƙa'ida ta tanada mun fita lafiya, daga ni har yara.

Na fara da ma'aikatan jinya. Duk wanda ya ga mutum cikin wannan rigar roba daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu biyu, yana canza ledar ƙarin ruwa da tsakar rana gumi na kwarara cikin takalminsa, ya san ba albashi ne ya kawo shi ba. Ko fuskokinsu ba mu sani ba, da murya mai ɗakina take bambance su. Allah ya saka musu da alheri. Haka likitan da ya ce a ɗauki jini a gwada, bayan mun ɓata lokaci a wani kemis ana ta ɗirka mata allurar maleriya da taifot. Ya ce maganin ribabirin ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana shida na farko. Da ƙyar muka riski wannan wa'adi.

Surukata da ta kwashe yara, maƙwabta da ba su guje mu ba duk da tsoro, jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta addu'a, abokan aikina da suka riƙe mini azuzuwa: Allah ya bar zumunci.

Akwai kuma wanda bai san da mu ba, amma na ga ya cancanci a ambace shi. A zaman jira a bakin asibiti ne wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya ba ni labarin Farfesa Oyewale Tomori, na kuma bi na karanta. An haife shi a Ilesa a 1946, kuma a nan Arewa ya yi karatun likitan dabbobi, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ya koma Ibadan ya yi digirin digirgir a kan ƙwayoyin cuta na bairos. Lokacin da ya shiga fagen, Lassa sabuwar cuta ce. A 1969 aka fara gane ta, a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan, kuma sai da aka kai jini Amurka kafin a san mece ce.

Aikinsa da ya fi taɓa ni shi ne binciken da suka buga a 1995 tare da Farfesa Abdulsalami Nasidi da wasu, kan ɓarkewar cutar a asibitoci biyu na jihar Imo a 1989. Mutum 34 suka kamu, 22 suka rasu, har da likitoci da ma'aikatan jinya. Suka bi sawu suka gano cewa asibitin da kansa ke yaɗa ta, ta hanyar maimaita sirinji da yin tiyata ba kariya. Ba su rufa wa abokan sana'arsu asiri ba, kuma wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a ƙasar nan. Duk lokacin da na ga an ɓare sabon sirinji an jefa tsohon a kwali, sai in tuna da su.

Daga 1994 zuwa 2004 yana Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kafa jerin ɗakunan gwajin shan inna na Afirka, cutar da aka tabbatar nahiyar ta rabu da nau'inta na asali a 2020. Ya shugabanci Jami'ar Redeemer's, wadda cibiyar bincikenta ta tabbatar da Ebola a Najeriya a 2014. Har gobe ba ya tauna magana idan ya zo kan sakacin gwamnati da ɗakunan gwaji. Farfesa, mun gode.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, likita ya ce ba komai. Sai dai kunnenta na hagu bai dawo daidai ba, abin da ke samun da yawa daga waɗanda suka warke, don haka a ɗan ɗaga murya a kuma yi haƙuri. Waɗanda muka yi zaman jinya tare da su suka rasa nasu, Allah ya jiƙan mamatan, ya ba ku haƙurin rashi.