Tarihin Rayuwata, kashi na 6: Ranar da batirin ya fara buga na

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda muka dawo daga Indiya bayan an saka min na'urar. Ga wadda bata bi daga farko ba, ciwon zuciyar nan na bayan haihuwa ne ya kama ni a haihuwata ta uku, zuciyar ta buɗe ta yi laushi, duk maganin da na sha eko, wato hoton zuciya, bai taɓa nuna ƙarfinta ya kai kashi 35 cikin 100 ba. Ita na'urar bata fi kwalin ashana ba, tana ƙarƙashin fata ƙasan kafaɗata ta hagu, waya ta bi jijiya har cikin zuciya tana gadi, in bugun ya haukace sai ta sakar mata wuta ya dawo daidai. A gidanmu batir kawai ake ce mata.

Wata huɗu lafiya lau, ina kiyaye duk abinda aka ce, bana ɗora wayar salula a ƙirji, bana zuwa kusa da janareta in yana aiki, har na fara mantawa da ita.

Ranar wata Laraba ina shanya a tsakar gida da goyo a bayana sai naji jiri, ƙirjina na fat fat fat kaman ana kaɗa ganga, kafin in kai ga dafa bango naji DUM! wlh kaman jaki ya harbe ni a ƙirji, idona yayi fari, sai gani na nayi a durƙushe ina salati. Inna, surukata, ta fito da gudu tana cewa "ku kwance yaron, wuta ce a jikinta!" Aka zare min ɗana, kowa ya ja baya yana kallona. Ni bugun bai min ciwo kaman wannan ba. Ban riƙe ta a rai ba, tsoro ne, jikanta ne, amma kuka na sha ranar.

Washegari a asibiti suka ɗora wani abu kan wurin, kwamfuta ta karanto komai harda minti, likita yace bugun ya haura 200 a minti ɗaya, sau ɗaya na'urar ta buga ya daidaita. Baban yara ya tambaye shi maganar goyo, yace ko mutum na riƙe dani iyakaci yaji ɗan zirr, baya cutarwa. Nace don Allah likita ka maimaita a waya Inna taji da kunnenta, kuma ya maimaita, Allah ya saka masa.

Duk da haka sai da nayi kusan wata biyu bana barcin kirki, da naji zuciyata ta ɗan yi sauri ko don hawa bene ne sai in ƙame ina jiran bugu. Goyo kuwa da kaina na kasa, sai a zaune nake ɗaukarsa.

Sati mai zuwa in sha Allah zan faɗa muku yadda aka kwashe da dangin miji da likita yace kada in sake ɗaukar ciki.